Ranar da Surukata Ta Zauna a Kan Tabarmar Roba

Ko na so in manta da ranar da surukata ta kawo mini ziyara wurin aiki, mutanen Birni ba za su bar ni ba. Ku yaran yanzu kun tarar da labarin a bakin direbobi, kowa da gishirin da ya zuba masa. To ku zauna ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin ni ne mai kula da allon rabon wuta a santaral ɗinmu ta Damagaram, wato tashar da injinan kamfani suke. Ga wanda bai san aikin ba, bari in ɗan yi bayani. Kamfanin nan da 'yan injinan gazuwal, wato man dizal, ya fara, masu haska biro-biron gwamnati, wato ofisoshi, da gidajen manyan ma'aikata. Daga baya gari ya buɗe, kowa ya ja wuta gidansa, wadda muke ce wa kuran, aka jawo mana babban layi daga Nijeriya, tsofaffin injinan suka koma zaman ko-ta-kwana. Duk ranar da babban layin ya samu matsala su ake tayarwa, kuma ba sa iya ɗaukar garin gaba ɗaya. Dole a yi rabo, a yanke wa wannan unguwa a ba waccan, a juya. Kowace unguwa da layinta, kowane layi da hannunsa a jikin allo ɗaya, ga na Birni, ga na Zango, ga na Sabon Gari. Aikina shi ne in sa ido kan allurar da ke nuna nauyin da injina suka ɗauka. In ta doshi ja, sai in ja hannun unguwar da juyi ya zo kanta. In na yi jinkiri, injinan da kansu za su mutu don kada su ƙone, gari duka ya rasa wuta, kuma tayar da su ba ƙaramin aiki ba ne. Duk wanda aka yi haka a hannunsa ya san kujerarsa ta tafi.

Akwai kuma doka. Ba a taɓa hannun nan sai da takalmin aiki a ƙafa, kuma sai kana tsaye a kan wata baƙar tabarmar roba mai kauri da ke shimfiɗe gaban allon, ita ke kare mutum daga jan wuta. Na ga wanda ya raina dokar nan, na kuma je gaishe shi a asibiti.

Shekarar da abin ya faru azumi ya faɗo tsakiyar bazara, babban layin kuma ya lalace, muka koma kan tsofaffin injina. Kullum da safe ana faɗa a rediyo unguwar da za a yanke wa. Kun san Damagaram da zafi, kun kuma san darajar ƙanƙara wajen mai azumi. Matar da ke da firigo, wato firiji, a gidanta, a watan nan ta fi ɗan kasuwa ciniki.

Surukata Hajiya tana cikin masu firigon, kuma a Birni take. Babarbariya ce ta asali, 'yarta ta fari nake aure, don haka kun san irin kunyar da ke tsakaninmu. Ba ta kama sunana, ba na kama nata. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa tsayawa a kanta da takalmi ba, in na hango ta a hanya sai in sake lungu. Wannan ba ƙauyanci ba ne, tarbiyya ce, ko da yake na ga wasunku yanzu suna hira da surukansu har da tafawa. Allah da ikonsa, tun da aka fara rabon ban taɓa yanke Birni da hannuna ba. Ba wayona ba ne. Shef, wato shugabanmu, shi ke tsara juyin aiki, kuma duk ranar Birni sai ta faɗo ina hutu. Sai ranar nan ta faɗo a kaina.

Bayan la'asar, lokacin da kowa ya kunna fanka da firigo, allura ta fara hawa. Na miƙe ke nan zan nufi allo, sai na ji sallama. Mai gadinmu ne ya leƙo, fuska duk a yamutse kamar wanda ya fasa tulun maƙwabta. A bayansa ga Hajiya, da wasu dattijai mata biyu maƙwabtanta. Na tambaye shi daga baya yadda aka yi ya bar su suka wuce ƙofa, ya ce shi ma a Birni yake kwana.

Ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Kafin in ɗago sun shige ciki, sun nemi wurin da sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya fi bugawa, sun sami baƙar tabarmar nan, sun zauna su uku sun miƙe ƙafa. Ɗaya daga cikinsu har da cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, har shimfiɗa ka yi mana."

Aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya ibada, ya zafi, ya yara, kowane yaro da sunansa. Hajiya ta gama, ta biyu ta ɗauko daga farko. Ita ma ta gama, ta uku ta ɗauko, ita kuwa ba ta ji sosai, sai an maimaita mata. Ina amsawa "lafiya lau, alhamdu lillahi", ina satar kallon allura ta ƙasan ido. A can ɗakin injina kukan ya fara canzawa, kamar tsohuwar mota ta kama tudu.

A raina na riga na gama lissafi. Ta ji a rediyo yau ranar Birni ce, firigonta cike da ruwan ƙanƙara, ta zo ne don kunyarta ta hana ni yankewa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, na kuma ji tsoro. Ko da na ce in sadaukar da Zango a madadin Birni, hannun Zangon ma a kan kawunansu yake. Ba ni da takalmi, ba ni da tabarma. Kuma wane ɗan halak ne zai ce wa uwar matarsa ta tashi?

Na gwada dabara. Na ce, "Ko a kawo wa su Hajiya kujeru?"

Hajiya ba ta dube ni ba, ta ce wa ta kusa da ita, "Ki ce masa nan ma ya ishe mu."

Na ce, "Sanyin wurin nan yana da illa ga ƙafa. Can gefe ya fi."

Mai matsalar kunnen nan ta ce, "Sanyin ai shi ne daɗin."

Hajiya ta ƙara cewa, "Ki ce masa ya yi aikinsa. Mu kallo muka zo yi."

Kallo! Na ce a raina, wato ta zo ta ga ko ina da idon da zan aikata a gabanta.

Sai talho ya yi ƙara. Tashi tsaye a kansu ba zai yiwu ba, da durƙuso na ja jiki har wurin tebur na ɗauko. Shef ne daga biro, wani Bazabarme mai zafin rai, ya ga wutar ɗakinsa tana rawa.

"Me kake jira? Kupe Birni! Yanke mata wuta!"

Na rage murya na ce, "To, ranka ya daɗe. Ina da baƙi ne."

"Baƙi? Gwamna ne ya zo?"

"Ya fi haka, shef. Surukata ce."

Sai ya ce, a hankali, "Uwar madam?"

"Ita."

"Inna lillahi. Ina zuwa." Ya aje.

Ana cikin haka aka banko ƙofar ɗakin injina. Bello ne, babban makanikinmu, hannu duk baƙin mai, yana ihu injina za su mutu. Bello Bafillace ne, kuma kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, ba abin da ɗaya ba zai iya faɗa wa ɗaya ba, ko da a gaban sarki ne. Yana ganin tsagen fuskar Hajiya ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Kai! Wa ya saki bayina suka shigo nan? Babarbariya, tashi daga kan tabarmar nan, ba daga Borno aka kawo ta ba!"

Hajiyar da tun ɗazu take magana kamar mai ciwon haƙori, sai ga murya ta fito. "Ji mini Bafillacen banza! Wa ya raba ka da shanu ya haɗa ka da inji? Shi ya sa kuran ba ya zama a garin nan."

"Ke ce za ki kashe shi yau. Mutumin nan ba shi da ikon yanke Birni sai ya taka wurin da kika zauna."

"Au! Ni na tare? To me ya hana a faɗa?"

"Wa zai faɗa? Wannan da ya naɗe kamar kaza a ruwan sama?"

Ita kuwa ta samu wanda za ta yi wa magana ba kunya, sai ta buɗe baki, tana zaune ba ta motsa ba. "Ai don ya yanke ɗin na zo. Bawan Allah, na gaji. Mutanen Birni sun lura bai taɓa yanke mu ba, sun ce ni ce. Ranar da akwai kuran a aiko mini da kunu ana godiya. Ranar da babu, a cika mini zaure ana tambaya me na yi wa mijin yarinya ya juya mana baya. Mai suna ya zo, mai walda ya zo, jiya har ladan ya aiko a kan lasifikar masallaci. Ko barcin rana ba na samu. Na ji a rediyo yau Birni ce, yarinya ta ce mini shi ke aiki. Shi ne na ɗauko shaidu, su gani da idonsu ya yanke ina zaune, su je su faɗa wa unguwa ba ni da hannu a ciki."

Bello bai tsaya jin ƙarshen ba, ya shiga ɗaga su ɗaya-ɗaya, ga gwiwa ta tsufa, ga mayafi ya harɗe, ga ɗaya tana neman carbinta. Ni kuma na manta da durƙuso, na ruga bakin ƙofa wurin takalmi. Na zura ƙafa ɗaya. Ina kokawa da ta biyun sai injina suka yi wani tari, suka yi na biyu, suka yi tsit.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Kilim ya tsaya, fitilun allo suka mutu, har kukan kurciya muna ji daga waje.

Hajiya ta dubi Bello. "An yanke?"

"An yanke."

"Birnin?"

"Birni, Zango, Sabon Gari, har gidan gwamna."

Ta ce, "Ni fa Birni kaɗai na ce."

Sai shaidun nan biyu suka dubi juna. Mai kunnen ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Hajiya, ashe abin naki har ya kai haka?"

A haka shef ya shigo ya same mu, ni da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga Hajiya, ya durƙusa ya gaishe ta tukuna, ya sa direba ya mai da su gida. Sannan ya waiwayo kaina, abin da ya faɗa kuwa ba na maimaitawa ba ne a watan azumi.

Ba mu samu injinan sun tashi ba sai bayan shan ruwa. Asibiti da nasu injin, Allah ya rufa asiri, amma ƙanƙarar gari ta narke, famfo ya ɗauke, ranar Damagaram da ruwan randa ta buɗe baki. Washegari aka cire ni daga allo, aka tura ni cikin masu kafa turakun wuta wajen Garagumsa, ina haƙar rami da bakin azumi, ban dawo kujerata ba sai da damina ta sauka. Da shef zai sallame ni ya ce, "A matsayina na shef, ka yi laifi. A matsayina na mai suruka, ban san abin da ni ma zan yi ba." Ni kuwa har gobe ina nan a kan bakana. A kawo mini wanda aka haifa a gidan mutunci ya ce zai tsallake surukarsa da takalmi, in ga fuskarsa.

Abin da na koya, ku riƙe shi, don zai yi muku amfani ko da allon ya koma na'ura. Mu a nan ciki mun san allura ce ke yanke hukunci. Mutanen gari ba za su taɓa yarda da haka ba. A wurinsu duk wutar da ta zo wani ne ya kawo ta, duk wadda ta ɗauke wani ne ya yi fushi, kuma wannan wanin yana da dangi, an san ƙofar gidansu. Ranar da ka karɓi aikin nan ba kai kaɗai aka ɗauka ba, har da uwarka da surukarka da mai wankinka.

Hajiya kuwa gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago. Kafin sallar isha'i shaidunta sun gama zagaye Birni da labarin cewa kalma ɗaya ta faɗa, gari duka ya mutu. Da safe ba 'yan Birni kaɗai ke zaurenta ba, har da na Zango da na Sabon Gari, wasu da kaji a hannu. Da abin ya ishe ta, ta kulle firigonta, ta hau mota ta tafi wurin ƙaninta a wani ƙauye can ƙasar Droum, inda ko turken wuta ɗaya ba a kafa ba, ta ce a can dai ba mai tambayarta.

Ta kwana ɗaya lafiya. Da hantsi sai ga mai gari da dattawansa sun yi sallama, sun zazzauna, sun yi gaisuwa mai tsawo. Sannan mai gari ya gyara murya ya ce, "Hajiya, labari ya iso mu. Tun da Allah ya kawo ki da ƙafarki, mu yaushe za ki sa a jawo mana?"