Malaman da Baba Yake Kamawa

Babana tsohon sojan Faransa ne. Daga yaƙin Indoshin ya dawo Gaya da ɗingishi da wata ɗabi'a da ya koya wurin kaftin ɗinsa, wato kamun malam-buɗe-littafi. Damina na sauka sai ya ɗauki ragarsa mai sandar gora ya bi bakin kogi. Ina hango shi cikin ciyawar burgu, farar rigarsa na lilo, kamar mai bin wani abu da ya gani a mafarki. Idan ya dawo ya baje musu fikafikai, ya kafe su da allura cikin akwatin gilashi. Akwai rawaya kamar garin ɗorawa, akwai shuɗi irin na kogi da hantsi.

Sunan ya yi masa tsawo, don haka "malamai" kawai yake cewa.

Lokacin soja ke mulki, kowa na auna bakinsa. Ni kuwa ba abin da ke raina sai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai siririn gashin baki, mushe muke ce masa, malam ke nan da Faransanci. Kullum bayan la'asar yakan jingine kekensa a ƙofarmu, in fito da tabarma zuciyata na rawa.

Wata ranar kasuwa Baba ya faɗa wa mahauci da ƙarfi, "Jiya a Tounouga malamai uku na kama. Ɗaya ya so tsere mini ya tsallake iyaka ta Malanville, ina!"

Mahaucin Badande ne, Hausarsa ta ciniki ce. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa tsohon soja yana tsegunta wa jandarmomi malamai. Aka daina gaishe mu. Keken ma ya daina zuwa, na yi ta shimfiɗa tabarma ina naɗewa.

Da abin ya ishe ni na ɗora akwatin a ka, na ratsa kasuwa har lakwal.

"Mushe, ga fursunonin Baba. Duba ko da ɗan'uwanka a ciki."

Ya daɗe yana kallonsu, kunya ta hana shi ɗago kai.

Ran Juma'a ya zo gaishe da Baba, ya durƙusa tun daga zaure.

"Matso, ɗana," in ji Baba. "Masu kyau kaɗai nake kamawa, kai ba ka cikin hatsari."

Ina bayan zana, na toshe bakina da gefen mayafi. Bayan salla aka kawo goro.