Kunun Aya Roba Shida

Ana idar da sallar asuba muka bar Keffi a motar haya, ina rungume da ƙaramar kula cike da ƙanƙara. Abuja na nufa, in karɓo wani sinadari da ni da malamata muka shekara biyu muna jira. Ita ta yi odarsa daga waje. Ta rasu da azumin bana, don haka ni kaɗai na tafi.

Ga masu tambayar me nake bincike: zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinmu a naɗe yake kamar zare a ƙwarƙwaro. Akwai wani furotin da ke tamke naɗin, a ciwon daji har yakan rufe wurin da ke hana ƙari girma. Sinadarin riƙe hannun furotin ɗin yake yi. Amma idan ya ji zafi ya lalace, bincikena kuma ya bi shi, don babu halin sayen wani.

Sai bayan azahar aka miƙo min shi, 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, da sunan Malama a jiki. Lokacin rabin ƙanƙarar ta zama ruwa.

A hanyar dawowa muka maƙale a Mararaba. Wurin da na sani fili duk ya zama benaye da shaguna, mota ba gaba ba baya. Na yi ta leƙa kular. Can sai ga wata mata da kunun aya daskararre, ɗari biyar-biyar. Na saye roba shidan da suka rage mata, na jera su kewaye da kwalbar.

Dattijon da ke kusa da ni ya ce, "'Yata, a sam min ɗaya mana."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba na sha ba ne."

Wata daga baya ta ce, "Kunu ba na sha ba? 'Yan boko akwai rowa."

Daga nan har Keffi babu wanda ya sake yi min magana. Na ji kunya, na kuma ji kaɗaici.

Kafin magariba na sa kwalbar a firjin ɗakin gwaji, kunun ko gama narkewa bai yi ba. Na zauna a bakin ƙofa ina murna, babu wanda zan faɗa wa. Tafiyar ta koya min cewa aikin nan yanzu nawa ne ni kaɗai. Na buɗe roba ɗaya na sha, sauran biyar ɗin suna kallona.