Wasan da ban buga ba a Malanville

Mun tashi daga Dosso da asuba, muna idar da salla, mu uku cikin tsohuwar motar abokina wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Shi da ƙaninsa kasuwar Malanville za su, sayen doya da gari. Ni kuwa na ce musu ziyara za ni, ban faɗi ta wa ba.

Damina ta yi sallama, ana ta yankan gero gefen hanya. Ramukan titi dai suna nan inda kowa ya san su. Sau uku jandarma suka tsayar da mu, kowane tsayi sai ɗayansu ya zagayo ya buɗe mana ƙofa kamar wasu manyan baƙi, saboda ba yadda za mu fito.

A Gaya muka bar motar. Gadar kan iyaka a rufe take, sai dai a ƙetare kogi a jirgin ruwa. Aka cusa mu tare da buhunan albasa da babura biyu da wata tsohuwa mai salati tun daga wannan gaɓa har waccan. Dala ɗari kowane kai, babur kuma ya fi mutum tsada. Can sai rufin kwanon Malanville ya fara bayyana.

A garin nan na girma. Ni ne mai lamba tara a ƙungiyar ƙwallon da ta fi kowace daɗewa a garin, wadda 'ya'yan 'yan kasuwa suka kafa tun ba a haife ni ba. Mai horar da mu malamin makaranta ne, muna ce masa Mushe Idi, wato Malam Idi a bakin masu Faransanci. Shi ya saya mini takalmin ƙwallo na farko. Ina da shekara ashirin da biyu muka kai wasan ƙarshe na cin kofi, a filinmu. Ranar da safe kawuna ya aiko cewa ya samo mini aikin gareji a Yamai, amma in ban iso washegari ba wani za a ba. Na shiga mota ban gaya wa kowa ba. Daga baya na ji an ci mu ɗaya da nema. Iyayena suka koma Dosso, kunya kuma ta hana ni dawowa, shekara talatin da wani abu. Wannan karon na zo ne in durƙusa gaban Mushe.

Muka karya da wake da gari da soyayyen cukun da ake kira wagashi a bakin kasuwa, abokan tafiyata suka shige cikin 'yan doya. Na tare mai kabu-kabu na ce ya kai ni tsohon filin ƙwallo. Sai da ya yi tunani, sannan ya ce, "Au, wurin da manyan motoci ke kwana?"

Haka ne kuwa. Rabin filin motocin kaya ne jere, suna jiran a buɗe iyaka, direbobi sun shanya wanki jikin tayoyi. Katangar gabas ta zube. Benen siminti mai hawa biyar, inda manyan gari ke zama, awaki ne kwance a kai. Itacen dogon yaro da muke tuɓe riguna a gindinsa ya yi girman da ban gane shi ba. Na tsaya daidai inda nake tsayawa in za a take wasa. Da can in ka tsaya nan ba ka jin muryar na kusa da kai saboda ganguna. Yanzu ina jin ƙarar cokalin mai shayi daga can bakin titi.

Raga ɗaya ce ta rage. Wani mutum mai furfura yana zaune gindinta yana ɗinke ta da zaren kamun kifi. Na yi sallama. Ya dube ni tun daga ƙafa, ya ce, "Wagga tafiya ta gwame, ko cikin kasuwa na gane ta. Lamba tara."

Salu ne, mai tsaron ragarmu a da. Muka rungume juna, ya ja mini benci. Na tambayi labarin sauran 'yan wasanmu. Huɗu sun rasu, wasu suna Kwatano, wasu Paraku, ɗaya ba wanda ya san inda yake. Shi kaɗai ya rage a garin. Duk Juma'a yakan zo ya zana layin filin da toka, ko da masu wasa ko babu. Ya ce samarin yanzu sun fi son gidan kallo, inda ake nuna ƙwallon Turai.

Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Mushe fa?"

Ya ajiye allurar. "Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Ba ka ji ba?"

Na ce Allah ya jiƙansa. Sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni, na tambaye shi ko Mushe ya tafi da fushina.

"Hushi? Ba mu yi hushi ba. Jiranka munka yi. Ya tsaya can bakin ƙofa da rigarka a kafaɗa har alƙali ya busa. Aka ce ya ba wani rigar, ya ƙi. Bayan wasa kuwa ba kofin ya dame shi ba. Asibiti ya tafi, ya tafi wurin jandarma, yana tsoron wani abu ya same ka. Da ya ji aiki ka samu, sai ya ce alhamdulillahi, yaron ga zai ci abinci."

Da zagi na tarar, da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka gaban awaki da direbobi, Salu ya ci gaba da ɗinkinsa bai dube ni ba, na kuma gode masa da haka.

Bayan azahar ya raka ni maƙabarta, bayan gonakin shinkafa. Kabarin ba shi da alama sai fasasshen tulu. Na yi masa addu'a, na faɗi abin da na zo faɗa, ko da yake ba mai amsawa.

La'asar na same mu cikin jirgi. Abokan tafiyata suna ta labarin tsadar doya, ni ina kallon ruwa. Muka iso Dosso bayan magariba, matata ta tambaye ni yaya Malanville, na ce tana nan.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa, amma ya yi mini nauyi. Shekara talatin ina ɓuya daga fushin da ba a taɓa yi ba, alhali tsakanina da mutumin nan tafiyar hantsi ce kawai. In akwai wanda kuke jin kunyar haɗa ido da shi, ku je yanzu, tun yana iya amsa muku sallama.