Kwalbar Malam Hamidu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni a unguwar Cissin: Malam Hamidu, malamina na kimiyya, ya rasu jiya, har an kai shi. Haba 'yan Zongo! Duk wayoyin da ke hannunku a rasa mai kirana?

Mutumin da yake ɗauko ni a bayan motonsa zuwa labo, ɗakin gwaje-gwajensa, ya saya mini shinkafa da wake idan ya ga idona ya faɗa.

Rayuwarsa ta ƙare a kan abu ɗaya: ya sa silikon da kabon su riƙe juna da ɗauri biyu. Yakan ce, "Kabon da kabon, hannu biyu suke gaisawa. Silikon kuwa, iska ko laima ta taɓa shi, sai ya saki ɗaya." Akwai irin da ake haɗawa da haske, akwai na zafi. Shi ya bi na haske, a garin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Sau nawa aikinsa ya lalace? Allah kaɗai ya sani.

Ganina da shi na ƙarshe, ya nuna mini 'yar kwalba da ya liƙe bakinta da wuta, da ƙwayoyi rawaya a ciki. Ya ce, "Ina jin na samu, Bashir. Saura a kai waje a auna. Kada iska ta shiga."

Ina jin rasuwar na hau moto, sai gidansu a Zongo. Na durƙusa na yi wa yayarsa, Hajiya Asabe, gaisuwa, sannan na tambayi kwalbar.

Ta ce, "Ɗan nan, a akwatinsa na same ta, a naɗe kusa da likkafanin da ya ajiye. Na zaci kafur ne na wankansa. Muka fasa, ba ƙamshi ko kaɗan."

Ta miƙo mini faranti. Abin ya koma fari, ya yi danƙo.

Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu a ɓace yake. To wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da ta so ƙaninta ya tafi da ƙamshi?

Ko ya samu, ko bai samu ba, babu mai sani kuma.

Allah ya jiƙanka Malam, ya biya ka ladan haƙurinka. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Fatiha. Ni ma ku sa ni, Allah ya sanyaya mini zuciya.