Neman Ƙarshen Labarin Ɗan Akuya

Sakkwato zuwa Tambuwal

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida da littafin a jakata, na ɗan akuyar nan da ya ɓace ranar kasuwa, wanda muka karanta a firamare. Guda ɗaya ya rage a makarantar da nake koyarwa, gara ta cinye shafin ƙarshe, ni kuma na manta yadda ya ƙare. 'Yan ajina sun tasa ni gaba: an gan shi, ko an yanka shi? Da bakina na yi musu alkawarin nemo marubucin.

Shinge uku muka wuce, takwas saura kwata muna Tambuwal, garin da bangon littafin ya ce marubucin yake. Na sha koko da ƙosai a tasha, na shiga nuna sunan da ke bangon littafin. Ba wanda ya san shi. Wani ya tura ni gidan wani tela, telan ya tura ni sakatariya, maigadin sakatariya ya sake tura ni gun telan. Kaina ya ɗaure. Sai da wani dattijo ya ga hoton akuyar ya ce, "Malam Mai Alli kika nema? Ya jima da rasuwa. Matatai tana Kebbe."

Kebbe

Wata ƙaramar mota ta sauke ni ana kiran azahar. Na iske tsohuwar, Inna Tumba, tana tsince gero. Na karanta mata sunan, ta kau da kai ba ta tanka ba. Har na ɗauka na ɓata gida, kafin na tuna irinsu ba sa amsa sunan miji.

"Shi rubutu ya sani," in ji ta. "Gatanar tawa ta, ni ka faɗi shina rubutawa."

"To Inna, yaya ta ƙare?"

"Da rana tsaka? Ba a gatana da rana, ɗiyata."

Motar ƙarshe da la'asar take tashi. Ina ji ina gani ta tafi ta bar ni.

Bayan magariba muka ci tuwon gero, jikoki suka kewaye ta. Ta kawo labarin tiryan-tiryan har inda mai akuya ya tsaya ƙofar mahauci, daidai inda gara ta fara ci. Sai ta dubi yaran. "To, mi ya faru?" Kowa ya kawo nasa.

Na ce, "Inna, na littafin fa?"

"Ni nan nika tsayawa kullum. Shi ya ƙara nashi. Ban yi boko ba, kuma kunya ba ta bar ni na tambaye shi ba." Ta matso kusa da ni. "Ke da kika karanta, an gane akuyar?"

Na buɗe littafin, na nuna mata inda gara ta cinye.

Gida

Washegari ƙarfe huɗu na yamma na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Inna Tumba, Ya jiƙan Malam. Ranar Litinin na karanta wa 'yan ajina har ƙofar mahauci, na rufe littafin, na ce, "To, me ya faru?"