Ranar da Shamsu Ya Biya Karatun Malam Muttaka

Duk wanda ya yi sakandare a gefen Faskari cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya a ce bai bi ta hannun Malam Muttaka ba. Ɗan siririn mutum ne, malamin adabin Turanci, kuma da bakinsa zai gaya maka ba abin da ya iya a duniya sai wasan kwaikwayo guda ɗaya. Tsohon wasa ne na Turawa, inda ake kashe wani babba, masu neman mulki su yi ta juya talakawa da baki har gari ya kama da wuta. Littafin ya tsufa a hannunsa, bangon ma da zare ya ɗinke shi.

Kai, in ka ga Malam a aji! Benci yake hawa, alli duk ya ɓata masa riga, yana ƙirga da yatsu.

"Ku lura," zai ce wa ɗalibai, "mai son ingiza jama'a ba ya farawa da zagi. Farko ya ce shi bai iya magana ba. Na biyu ya yabi wanda yake so a hallaka, ya yi ta yabo har yabon ya fara ɗaci. Na uku ya yi shiru kamar kuka ya shaƙe shi. Na huɗu ya ɗaga wani abu da ido zai gani."

Shi a nufinsa rigakafi yake musu, kada wani ɗan siyasa ya yi wasa da hankalinsu. Cikin ɗalibansa kaf ba wanda ya kama karatun kamar Shamsu. Shekara uku a jere shi ke fitowa a mai jawabin ranar wasan makaranta, har ƙamus Malam ya ba shi kyauta.

Da ya yi ritaya sai ya koma ƙauyensu, can tsakanin Tafoki da Mairuwa. Abokin hirarsa ɗaya ne, Rabo makiyayi, wanda rugarsa ke bayan gari tun kafin a haifi Shamsu. Shi ke riƙe wa Malam 'yan shanunsa biyu, har shekarar da ɓarayin daji suka kore garken duka, na Rabon da na Malam ɗin.

Daminar bara 'yan bindiga suka harbe wani manomi, Mamuda, a gonarsa. Da Rabo aka yi sallar gawa, har makara ya kama, sannan ya koma wajen 'yan maruƙan da ya sake haɗawa. Sauran mutane suka zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan mamacin. Mu nan ba a jawabi a gidan mutuwa, addu'a ake a shafa. Amma Shamsu, wanda yanzu kansila yake nema kuma samari yake so a bayansa, sai ya miƙe.

"Jama'a, ni ban iya magana ba."

Malam, da ke zaune cikin jama'a, ya ɗago kai da sauri.

"Baba Rabo dattijon kirki ne," in ji Shamsu. "Bana kowa an kore mashi dabba, shi ko akuya ba a taɓa mashi ba. Ai albarkar kirki ce. Ta bayan rugarshi mutanen nan suka bi, ya ce bai ga kowa ba. To wa zai ƙaryata dattijo?"

Ya yi shiru, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya ɗago sai ga takalmin roba na Mamuda a hannunsa, ƙafa ɗaya, da taɓon gona a jiki. Samari suka fara miƙewa, masu gora, masu adda.

Malam ya zabura ya sha gabansu. Wallahi abin faɗa yana da shi, kuma gajere ne: mi ya rage wa Rabo da za a kore, ba tare aka talauta mu ba? Ba shi ya kama makara ɗazu ba? Amma ina, shekara talatin na aji suka rinjaye shi. Bawan Allah sai ya ɗaga yatsu.

"Ku lura! Wannan mataki na huɗu ne! Dabara ce, ni na koya mashi. Farko ya ce bai iya magana ba, na biyu..."

"Malam, nan ba aji ba ne," wani ya ce.

Ba wanda ya ture shi. Kewaye shi suka yi suka wuce, kamar yadda ake kewaye turmi a tsakar gida. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi bayan gari. Iyalin Rabo suka tsere wajen Sabuwa, shi kuwa Rabo, Malam da hannunsa ya yi wa gawarsa wanka.

Tun daga ranar bakin ciki ya zaunar da shi, ko kasuwa ba ya zuwa. Bayan kwana bakwai Shamsu ya zo gaisuwa, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, Allah ya sani ban ce a taɓa shi ba, kowa ya ji yabonshi na yi." Sai fuskarsa ta koma irin ta ranar da aka ba shi ƙamus. "Amma ka lura ban tsallake ko ɗaya ba?"

Malam ya dubi yatsunsa. Gaskiya yaron ya faɗa, bai tsallake ba.