Shanun Mahaifin Bappayo

Mutane da yawa suna auna buƙatar mutum da ƙarfin kokensa. Wanda ya iya kuka su ce shi ne mabuƙaci, wanda ya yi shiru su ɗauka ya wadata. Wannan kasala ce ta tunani, kuma na san wanda ta cuta.

Bappayo ɗan Fulani ne da ya tashi a unguwar Dutse Uku. Shanun mahaifinsa sun ƙare a farin da aka yi shekarun baya, tsohon ya koma kiwon na wasu, amma a gidan ba wanda ya taɓa furta haka. Idan baƙo ya tambayi lafiyar garke, sai a ce masa lafiya lau.

A 1978 Bappayo ya sami gurbin karatun likitan dabbobi a Zariya. A shekarar aka ƙara kuɗin abinci da na kwana a jami'o'i, saboda haka in ba sikolashif, ba karatu. Shi kaɗai ya bi lamarin. Kullum bayan la'asar yana laburare yana duba sanarwa a jaridu, domin a danginsa ba shi da wanda zai tambaya. Ya nema, aka kira shi ganawa.

Abokinsa na aji, Nwabueze, ɗan unguwar Congo-Russia, ya raka shi har ƙofar ofis. "Fulani, ka faɗa musu gaskiya," in ji shi. "Ko akuya babanka ba shi da shi. Ni a namu jiha, har ƙasan takalmina na nuna musu."

A ciki, shugaban kwamitin ya dube shi ya yi murmushi. "Ɗan Fulani da neman taimako? Shanu nawa ne a gida?"

Bafulatani ba ya faɗin yawan shanu a gaban mutane, balle ya tona asirin mahaifinsa ga baƙi. Bappayo ya sunkuyar da kai. "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"To, a sayar da bijimi mana." Aka yi dariya, aka kira na gaba.

Na daɗe ina nazarin wannan ganawa. Kwamitin ya yi laifi, domin wanda aka ɗora wa rabo wajibi ne ya yi tambaya ta biyu. Amma ban wanke Bappayo ba. Kunyar da ta dace a gaban dattijai ba ta dace a inda ake rabon hakki ba, kuma karatunsa ya isa ya gane bambancin.

Sunansa bai fito ba, gurbin ya wuce shi. Da mahaifinsa ya tambaya, ya ce babu rabo, bai ƙara komai ba. Nwabueze ya tafi jami'a, sannu a hankali zumunci ya yanke.

Bappayo bai sake nema ba. Ya karɓi aikin koyarwa a wata firamare kusa da Gada Biyu, ya kama ɗaki ɗaya. Ba ya zaman hira da malamai, kuma ba a ganinsa a majalisa. A wannan makaranta ya koyar da lissafi har ya yi ritaya.